Takalman da Baba Ya Ajiye wa Daji

Abin da na fara sani a Highbridge shi ne matakala. Unguwar a kan tudu take, har akwai inda titi yake ƙarewa sai matakalar siminti ta karɓa, doguwa, da ƙarfen riƙewa a tsakiya wanda yake ƙona hannu don sanyi. Muna hawa na huɗu a wani gini mai jan bulo, ɗaki ɗaya da falo. A falon nake kwana, kusa da bututun ɗumama gida da yake ƙara kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Ta tagarmu bishiya ɗaya ake gani. An dasa ta a wani ɗan rami a gefen titi, an kewaye ta da ƙarfe kamar wadda ta yi laifi.

Kowace safiya Baba yakan tsaya a wurinta kafin ya wuce aiki. Ya shafa bawonta, ya murza ganye ɗaya ya shinshina. Bai san sunanta ba, kuma abin yana damunsa. A gida, can wajen Doguwa, ma'aikacin gandun daji ne, ba ya wuce bishiya bai kira sunanta ba: maɗaci, kirya, marke, kaɗanya. Idan damina ta ɗauke, shi da abokan aikinsa sukan share layin wuta, wato su nome ciyawa su buɗe fili siriri mai tsawo, don in gobara ta taso ta iso nan ta rasa abin ci. Cacar biza ce ta kawo mu New York, kuma aikin da ya samu a ƙarƙashin wani babban kanti yake, yana yanka kwalaye yana ɗaure su, inda ko taga babu. Umma tana kula da wata tsohuwa a gidanta. Ni kuwa ina makarantar sakandare, a layin baya nake zama, ko da Hausa ban cika magana ba balle da Turanci. Amma ni ce bakin gidan. In za a yi magana da likita ko da mai gidan haya, ni ake turawa gaba.

Baba ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini.

Wata rana a farkon zafi, muna aji, hasken taga ya koma ruwan goro. Malama ta rufe tagogi ta ce hayaƙin gobarar daji ne iska ta kwaso daga Kanada. A hanya kowa ya rufe hanci da takunkumi yana sauri. Da na iso gida na tarar da Baba a bakin gini, an sallame su da wuri, ya sauke nasa takunkumin zuwa haɓa yana jan iskar a hankali. Ya ce wannan ba ciyawa ce take ci ba, itace ne mai ƙaro, manya. Tun da muka zo ban taɓa ganin idonsa a buɗe haka ba. Ya tambaye ni su wa suke kashe irin wannan wutar a ƙasar nan, kuma ta ina ake shiga cikinsu.

Na duba masa a waya. Aiki ne na lokaci, ana ɗaukar mutane idan sanyi ya wuce, a sallame su idan ya dawo. Ana kai su can yamma mai nisa, su kwana a tanti, su sare ƙananan itatuwa, su haƙa ƙasa a gaban wuta. Da na nuna masa hoton mutane a jere da magirbai sai ya yi dariya ya ce ai layin wuta ne, har riƙon ƙotar iri ɗaya. Sai na ci gaba da karantawa, dariyar tana raguwa. Na gwamnati sai ɗan ƙasa, mu kuwa katin zama kawai gare mu. Kamfanonin da suke karɓar kwangila suna ɗaukar irinsa, amma sai ya yi kwas, sai ya iya Turancin da zai ji umarni in an ce a gudu, sannan sai ya ci gwajin ƙarfi: a ɗora wa mutum kaya mai nauyin kusan kilo ashirin, ya yi tafiyar mil uku cikin minti arba'in da biyar, kuma ba a yarda a yi gudu ba. Takardarsa ta makarantar gandun daji, wadda Umma ta taho da ita a ƙasan akwati tsakanin zannuwanta, babu inda aka tambaye ta.

Labarin ya kai masallacinmu na Morrisania. Wani mutum da ake kira Malam Tanimu, mai yawan turare da gaisuwa, ya ja Baba gefe bayan sallar Juma'a. Ina tsaye ina jiran Baba, na ji shi yana cewa, “Haba Malam Yusha'u, da girmanka a ɗora maka kaya kana zagaye fili kamar ɗan firamare? Bar mini wannan, ina da mutane.” Baba ya ba shi abin da ya tara. Bayan ɗan lokaci ya kawo wani jan kati da hoton Baba a jiki, wai shaidar ya yi kwas ya ci gwaji. Na lura an yanke hoton da almakashi, gefe ɗaya ya karkace, amma na ɗauka ko haka ake yi. Da muka kira wani kamfani na bayyana musu katin, mutumin da ya ɗauka ya ce mini a hankali ba a sayar da wannan abin a ko'ina, duk wanda ya sayar mana ya cuce mu. Baba yana gabana yana kallon bakina yana jiran fassara. Na fassara masa. Malam Tanimu ya sauya masallaci. Baba bai bi shi ba, ya ce shi ya kai kansa.

Sai muka bi doguwar hanya. Duk lokacin sanyi, ranar da ba shi da aiki, mukan je ɗakin karatu na unguwa mu zauna gaban kwamfuta ɗaya muna bin kwas ɗin, mu raba abin sauraro, kunne ɗaya nasa kunne ɗaya nawa. Ana magana ina fassarawa da raɗa. Wani abin ya sani tun kafin in gama, kamar yadda wuta take hawa tudu da sauri fiye da gangara. Wani abin sabo ne. An nuna wani ɗan tanti mai ƙyalli da kowa yake ɗauka a ƙugu, in wuta ta rutsa da mutum ya shiga ya kwanta rubda ciki ta wuce ta kansa. Baba ya sa na maimaita wurin, sannan ya ce kada in faɗa wa Umma wannan. Kalmomin umarni kuwa ya riƙa haddace su kamar karatun allo, yana maimaitawa a kan hanya, har yara suna waiwayensa.

Ya fara horar da jiki da buhun shinkafa. Ya zuba ta a tsohuwar jakar makarantata, ya goya, ya hau matakalar unguwa ya sauko, ya sake hawa, da wani tsohon kambas ɗinsa da ya tsage a wajen ɗan yatsa. Maƙwabciyarmu Anti Memuna, mutuniyar Kumasi mai dafa abincin sayarwa, takan leƙo ta taga ta tsokane shi. Ta ce shinkafar nan ta fi ta sanin gari, in ya gama yawo da ita ya kawo ta dafa, ta riga ta yi laushi. Baba yakan ɗaga mata hannu kawai, don ba shi da numfashin amsawa. Da farko yakan tsaya a tsakiyar matakala ya riƙe ƙarfe. Kafin ƙanƙara ta narke ya daina tsayawa. Amma da yamma nakan ga yana shafa man zafi a gwiwa, ya juya baya don kada Umma ta gani. Ya gaya mini sau ɗaya, yana ɗaure bakin jakar, cewa gwiwoyin nan bana kawai za su ba shi aro. In bai shiga bana ba, shi da daji sai a mafarki.

Umma ba ta so abin ba tun farko. Ta ce ba ta baro danginta ta zo nan don a kawo mata labarin wuta ba. Amma ita ce wata rana ta shigo da kwali a hannu ta ajiye a gabansa. Takalman aikin ne, irin waɗanda aka ce dole sai da su: na fata, dogaye har ƙwauri, da tafi mai kauri wanda zafi ba ya narkarwa. Ta daɗe tana karɓar ƙarin aiki a wurin tsohuwar nan, ashe wannan take nufi. Falon duk ya ɗauki ƙanshin sabuwar fata. Baba ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya sa su, ya tsaya a kan jaridar don kada tafin ya yi datti. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye. Sannan ya cire, ya mayar da takardun da aka cusa a ciki, ya naɗe su a leda, ya tura kwalin ƙarƙashin gado.

“Sai ranar,” in ji shi.

Babu wanda ya ga wani abu a ciki. Haka muka tashi muka gani. Kayan Sallah ba a sa su kafin Sallah, kuma wanda zai tsaya gaban manya neman aiki da sabon abu yake zuwa. Duk Juma'a yakan fito da su ya goge da tsumma ya mayar, ya ci gaba da hawa matakala da tsohon kambas.

Kamfanin da ya karɓi takardun kwas ɗinsa ya ce zai yi gwaji sau ɗaya a birnin kafin a fara ɗiban ma'aikata, a wani filin wasa a tsibirin Staten Island. Mai kantin da Baba yake wa aiki ya ba shi hutun ranar da ƙyar. Da safe Umma ta goge masa riga, ya sa takalman a bakin ƙofa da bisimilla, Anti Memuna ta fito ta ce yau ango ne. Kambas ɗin yana nan a bayan ƙofa, na tsallake shi na fita.

Mun shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan. Tun a matakalar tasha na ga tafiyarsa ta sauya. Yana ɗaga ƙafa gaba ɗaya yana ajiyewa, takalmin ba ya lanƙwasa, yana wata ƙara ƙyiƙ-ƙyiƙ. A jirgin ruwa ya sami wuri ya zauna, shi da kullum yake son tsayawa a waje ya kalli ruwa. Na tambaye shi ko suna matsa shi. Ya ce sabon abu ne, haka yake, zai saki.

A filin mun tarar da mutane da yawa, yawancinsu matasa, har da mata. Ni idan na shiga cikin mutane ƙasa nake kallo, don haka ƙafafunsu na fara gani. Babu mai sabon takalmi ko ɗaya. Wasu tsofaffin kambas na gudu ne, wasu irin na Baba ne amma sun yi baƙi, sun yi taushi, sun ɗauki siffar ƙafar mai su, wani ma an ɗaure shi da igiya kala biyu. Na Baba kaɗai ne suke ƙyalli. 

Mai kula da gwajin wata mata ce mai furfura, da tabon ƙuna mai sheƙi a bayan hannunta. Ta dubi fuskar Baba, ta dubi sunansa, sannan ta dubi ƙafarsa ta daɗe. Ta tambaye ni yaushe ya fara sa su. Na ce yau. Ta ce in tambaye shi ko ya zo da wasu takalman, ko wane iri ne, don a wannan gwajin ba dole sai da na aiki ba. Na fassara. Baba ya gyara tsayuwa ya ce in gaya mata ya girmama su ne, shi ya sa bai zo musu da tsoho ba. Na faɗa mata yadda na iya. Ta gyaɗa kai.

Wani saurayi mai jin Sifaniyanci ya ji mu. Ya zuge jakarsa ya fito da kambas na biyu ya miƙa wa Baba. Baba ya kara ɗaya a tafin ƙafarsa, ya yi masa kaɗan sosai. Sai saurayin ya ba shi filasta, yana nuna diddige da yatsa. An riga an fara jeruwa, kuma na san Baba ba zai zauna a ƙasa ya tuɓe takalmi a gaban matar nan da mutane ba. Ya yi godiya ya sa filastar a aljihu.

Aka sa wa kowa wata riga mai nauyi mara hannu. Aka ce in tsaya bayan shingen waya, ba a shiga. Na rungume rigar sanyinsa.

Da aka fara, Baba yana cikin na gaba. Shinkafar ta yi aikinta, nauyin bai dame shi ba ko kaɗan, har na ga wasu samari suna kallon furfurarsa suna ƙara sauri. Na fara sakin numfashi. Sai na ga ƙafar hagu ta fara sauka a gefe. Bayan wani zagaye ta dama ma ta bi. Ya daina taka diddige, yana tafiya a kan yatsu, kuma takalmin ba ya barin a yi haka. Waɗanda ya wuce suka fara wuce shi. Duk sanda ya zo daidai inda nake ba ya kallona, idonsa yana kan bishiyoyin da suke can bayan filin, leɓensa yana motsi. Na riƙe wayar shingen har ta yi mini zane a tafin hannu. Na yi duk addu'ar da na iya. Na yi tunanin kambas ɗin nan a bayan ƙofa, da tsagarsa, da yadda na ɗaga ƙafa na tsallake shi.

Da ya ga an bar shi a baya sai ya fara sassarfa. Matar ta ɗaga murya ta ce ba gudu. Bai ji ba, ko ya ji Turancin ya tsere masa. Ta sake faɗa, ta ce in ya ci gaba za ta cire shi, sannan ta juyo ta dube ni. Ni da ko a aji ba a jin muryata, na buɗe baki na yi ihun da ban taɓa yi ba.

“Baba, an ce ba gudu!”

Ya ji. Ya waiwayo sau ɗaya, sannan ya koma tafiya. Duk filin sun ji muryata a ranar, kuma abin da na yi da ita shi ne na rage masa sauri.

Lokaci ya cika yana da sauran zagaye ɗaya da ɗan wani abu. Bai tsaya ba, matar kuma ba ta tsayar da shi ba. Waɗanda suka gama suna zaune a ciyawa suna shan ruwa, suna kallonsa har ya iso layin. Saurayin nan ne ya taya shi cire rigar nauyin.

Matar ta zo da kanta. Ta ce in gaya masa ba ƙarfi ya rasa ba, ta gani. Ta ce irin wannan takalmin sai an yi watanni ana sa shi kafin ya san ƙafa, a je aiki da shi, a shiga ruwan sama da shi, a bar shi ya tsufa. Ta ce ba za ta iya sauya lokacin ba ko ga ɗanta, domin wuta ma ba ta jira. In ya so ya dawo baɗi. Na fassara duka, ban rage komai ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce in ce mata ya gode.

A hanyarmu ta komawa jirgin ruwa, a unguwar Stapleton, ya kasa ci gaba. Ya zauna a benci a gaban wani kanti mai sayar da doya da manja, ya kwance igiyoyin. Safar ta manne da fata, ta yi ja har tafin ƙafa. Mai kantin ya ji muna Hausa ya fito, mutumin Gana ne, ya ce, “Sannu Baba, wa ya yi maka wannan?” Baba ya ce shi ya yi wa kansa. Mutumin ya kawo ruwa a roba da silifas sababbi, ya ƙi karɓar komai. Da Baba ya sa hannu a aljihu filastar ce ta fito, ba a ɓare ta ba. Ya dube ta ya mayar.

A jirgin ruwa ni na riƙe takalman a cinya, suna da nauyi kamar jariri. Baba yana kallon ruwa da silifas a ƙafa cikin sanyin nan. Can ya ce bishiyoyin bayan filin suna kama da marke daga nesa, amma ba marke ba ne. 

Umma ba ta yi tambaya ba, ta ga silifas ɗin. Ta dafa ruwa da gishiri ta durƙusa ta wanke masa ƙafa. Anti Memuna ta aiko da abinci, ba ta haɗo da tsokana ba. Washegari ya koma wurin kwalaye yana ɗingishi. Bayan wasu kwanaki Umma ta juye shinkafar daga jakata ta fara dafa mana, kaɗan-kaɗan, duk ta farfashe.

Ranar Juma'ar da ta biyo na dawo makaranta na tarar da Umma ta ɗauko takalman. Ta wanke jinin da ke ciki, ta shanya su a taga, tana goge su da tsumma. Akwai wani layi ɗaya da ya fito a kan kowane, daidai inda yatsu suke lanƙwasa, ta yi ta murza shi da babban yatsa bai ɓace ba. Ta cusa musu takarda, ta jawo leda, tana cewa kaya mai tsada irin wannan ba a barinsa a fili ya lalace. Ita ba ta je filin ba, ba ta ji abin da aka ce ba. Baba yana zaune a bakin taga, ƙafarsa a kan matashi, yana kallon bishiyar titi da ta fara toho.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Baba, matar nan ta ce sai an riƙa sa su kullum.”

Bai juyo ba.

“Na ji, Uwata,” in ji shi. “Bar ta ta ajiye.”

Umma ta rufe kwalin, ta durƙusa, ta tura shi ƙarƙashin gado har sai da ya taɓa bango.